Yadda ake haɗa WiiM Mini da lasifikar gida

WiiM Mini ƙaramar na'ura ce mai ɗauko sauti daga intanet ta wifi ta kai wa lasifika. Masu ta tambayata a nan Damagaram, ga yadda ake yi.

1. Kashe lasifikar tukuna.
2. Soka wayar sauti a ramin AUX OUT na na'urar. Hattara: akwai AUX IN kusa da shi, nan mutane ke kuskure, su ce ba ta magana.
3. Soka ɗaya bakin a lasifika.
4. Ba na'urar wuta ta USB-C, volt 5 take ci.
5. Sauke manhajar WiiM Home a salularka.
6. Kunna Bluetooth, da shi manhajar ke gano ta.
7. Zaɓi wifin gidan, wanda salular take kai.
8. Rubuta lambar sirri.
9. In na'urar ta fara sabunta kanta, kada ka taɓa ta. Ɗaukewar wuta a nan na iya lalata aikin, shi ya sa na fi son a jona ta da batirin cajin waya.
10. Rage murya, sannan ka kunna lasifika.
11. Zaɓi tashar rediyo a TuneIn ko karatun Alƙur'ani a Spotify.

Masu forfe su lura: tasha mai 128 kbps na cin kusan mega 58 a awa.