Idan Tokar Nukiliya Ta Sauko: Abin Yi A Kwana Biyun Farko

Tun da na fara karanta labarin tsibirin Rongelap, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: yaran da suka yi wasa da tokar. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya na gwaji mai suna Castle Bravo a Bikini, cikin tsibiran Marshall da ke tekun Fasifik. Ƙarfinsa ya kai megaton 15, wato daidai da tan miliyan 15 na nakiya, ya ninka abin da aka yi tsammani fiye da sau biyu. Bayan 'yan sa'o'i sai farar toka ta fara zuba a Rongelap, nisan sama da kilomita 150. Babu wanda ya gaya wa mutane 64 da ke can ko mece ce, kuma sai da suka kwana biyu a cikinta aka kwashe su.

A tsibirin Rongerik kuwa akwai sojojin Amurka 28 masu lura da yanayi. Na'urarsu ta nuna musu haɗari, suka sa kaya masu rufe jiki, suka shige ɗaki. Ƙunar fatarsu ba ta kai ta mutanen Rongelap ba, waɗanda suka yi ta amai, gashinsu ya zube, wuyansu da ƙafafunsu suka yi gyambo. Daga wannan bambanci na ɗauko abin da zan gaya maka.

Farkon abu, shiga gini ka zauna. Ka nemi tsakiyar ginin siminti ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, nesa da rufi da bangon waje, domin a kansu tokar ke taruwa. Rufe tagogi, kashe duk abin da ke jawo iska daga waje. Kada ka fita kafin awa 24, sai in hukuma ta ce a fita. Dalili kuwa, tururin guba da tokar ke fitarwa yana raguwa da sauri: bayan awa 7 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda yake awa ɗaya bayan fashewar, bayan kwana biyu kusan ɗaya cikin ɗari. Kwana biyun nan mafi muni su ne mutanen Rongelap suka yi a fili.

In tokar ta riga ta taɓa ka, tuɓe kayan sama a hankali, kada ka kakkaɓe, ka ƙulle su a leda ka ajiye nesa da mutane. Wannan kaɗai yana kawar da mafi yawanta. Sai wanka da sabulu, ba da dirza ba, don kada fata ta ƙuje. Ka kula da gashi, da wuya, da tsakanin yatsun ƙafa. Kada a shafa mai a kai. Man kwakwar da matan tsibirin ke shafawa shi ya riƙe tokar a gashinsu.

Ruwa da abinci su suka fi damuna, saboda illarsu ba ta fitowa da wuri. Mutanen Rongelap sun sha ruwan saman da suka tara a tankuna, tokar ta riga ta faɗa ciki. Ka sha abin da ke rufe a kwalba ko gwangwani kawai, ka goge bayansa kafin ka buɗe. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba. A cikin tokar akwai sinadarin aidin-131, wanda ke taruwa a ƙullin maƙogwaro mai suna tayirod, musamman na yara. Kusan shekara goma bayan haka aka fara ganin ƙari a wuyan waɗanda suke ƙanana lokacin fashewar, aka yi wa da yawa tiyata. Lekoj Anjain, wanda yake ɗan shekara ɗaya a 1954, sankarar jini ta kashe shi a 1972. Akwai ƙwayar fotasiyam ayodayid da ke kare tayirod ɗin kaɗai, ba sauran jiki ba, kuma da umarnin ma'aikatan lafiya ake shanta.

In an ce a koma gida, ka tambaya ko an auna ƙasa da amfanin gona, ba iska kawai ba. Siziyam-137, wani sinadari mai guba da ke cikin tokar, yana ɗaukar kusan shekara 30 kafin rabinsa ya gushe, kuma bishiyar kwakwa tana zuƙarsa daga ƙasa. An mayar da mutanen Rongelap a 1957, suka ci daga bishiyoyinsu, har a 1985 suka roƙi jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ya kwashe su zuwa tsibirin Mejatto.