Yadda Ɗalibi Daga Zariya Zai Shirya Wa Sanyin Nuwamba A Kudancin Jamus

Duk wanda zai bar Zariya zuwa Munich a ƙarshen watan Nuwamba, ya kamata ya sani cewa hazon da zai tarar da safe tururin ruwa ne mai jiƙa tufafi, ba ƙurar hunturun da muka saba da ita ba. Yanayin kan yaudari baƙo, domin cikin kwana guda iska mai ƙarfi na iya kore hazon, sannan dusar ƙanƙara ta lulluɓe tsaunukan Alps da ke kudu da birnin.

Tun kafin tafiya, a leƙa wurin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari a nemi rigar sanyi ta ulu, da jaket wadda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu. Sanya riguna uku marasa nauyi ya fi babbar riga ɗaya amfani, saboda akwai ɗumi cikin jirgin ƙasa da ajujuwa, kuma mutum zai so ya rage kaya. Man kaɗanya ma kada a bar shi a gida.

Mai niyyar hawa dutse ya duba hasashen yanayi a daren jajibiri, ya kuma tuna cewa sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau sama, sannan rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma.