Waldar siraran wayoyi da kafasita

Jama'a mai son haɗa siraran wayoyi ba da dalma ba, kafasita (kayan lantarki mai tara wuta ya sake ta lokaci ɗaya) mai 10,000µF 50V ta isa. A yi mata caji ta resista (kayan lantarki mai rage gudun wuta) don kar ta ja wuta lokaci ɗaya, kuma a lura da + da − ɗinta, in aka juya tana iya fashewa. Ka murɗe bakin wayoyin ka haɗa da ƙafar kafasitar ɗaya, ɗaya ƙafar kuma da gawayin tsohon batirin tocila, kana taɓa bakin wayoyin da gawayin tas! bakin ya narke ya dunƙule. Ka fara daga 15V, don in ka ninka bol (wato V ɗin) ƙarfin sau 4 yake ƙaruwa, wayar ƙonewa za ta yi. Tabarau dole ne fa, sannan ka sauke cajin da resista kafin ka ajiye, tana riƙe wuta ko an cire soket.