Ruwa ya janye, amma kada ka kira mai fenti tukuna

Ambaliya a ƙasarmu yawanci a Agusta ko Satumba take zuwa, hunturu kuma ba ya kankama sai ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan ne mutane suke zubar da ɗan abin da ya rage musu, saboda gaggawar ganin gida ya koma yadda yake. Ni birkila ne, a Gwange nake zaune a Maiduguri. Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, gari ya waye cikin ruwa ranar Talata 10 ga Satumba 2024, aikina ya koma shiga gidajen da ruwa ya ci, a Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin. Abin da zan faɗa daga cikin gidajen nan na kwaso shi, har da nawa.

Ranar da za ka fara komawa, bar iyali inda suke. Ku je ku biyu ko uku, da rana tsaka, da dogon takalmin roba da tocila da sanda. Kafin kowa ya taka ciki, a cire fis ɗin wuta daga wajen mita. In sai ka tsaya cikin ruwa za ka kai hannu gare shi, to ba aikinka ba ne, nemo mai gyaran wuta. Mai sola ya fi kowa bukatar kula, domin ko gari duka babu wuta, farantinsa da batirinsa suna nan da ransu. Janareton da ya nutse kuma kada a ja shi don a gwada. Sai an juye baƙin mai da fetur, an wanke kabireta, ya bushe. In ya tashi ma, a fili zai zauna, hayaƙinsa a rufaffen wuri kisa yake yi ba tare da an ji komai ba.

Sannan ka zagaya gidan ta waje kana kallon bango. Tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, bangon da ya yi ciki, ƙasar da ta lotsa a gefen fandisho, ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu ta ƙi shiga gurbinta, duk alamu ne cewa ginin ya motsa. Ginin ƙasa ya fi yaudara. Sau da yawa ba ya faɗuwa lokacin da ruwan ke tsaye, sai bayan ya janye, saboda sama na nan a bushe da nauyinsa, gindi kuma ya jiƙe ya yi laushi. Danna babban yatsanka a gindin bangon. In ya shiga, ba a kwana a ɗakin nan, balle in rufin azara da ƙasa ne. A tokare da itace, a jira. Wajen masai ma ka fara dungura ƙasar da sanda kafin ka taka, ramin yakan zaizaye ta ƙasa alhali samansa na nan lafiya lau. Sandar nan ita za ka riƙa ɗaga kaya da ita. A tamu ambaliyar har gidan namun daji na Sanda Kyarimi ruwa ya shiga, hukuma ta yi gargaɗin cewa kadoji da macizai sun bazu cikin unguwanni, amma ko ba wannan, maciji da kunama busasshen wuri suke nema, kuma saman sif ɗinka shi ne busasshen wurin.

Kafin ka ɗaga ko tsinke, ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki da waya, da layin da ruwa ya bari a bango. Zai yi maka amfani wajen masu rabon tallafi da wajen mai gida in haya kake.

Laka a kwashe ta tun tana ɗanye, da shebur da baro. In ta bushe sai da diga, kuma ƙurarta ita za ku yi ta shaƙa. Kada ka ɗauke ta lakar kogi kawai, ta gauraya da abin da ke cikin masai da kwatocin unguwa duka, don haka yara ba su da aiki a wurin, mai ciwo a ƙafa ma haka. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka ya je a yi masa allurar tetanus. A wanke daɓe da bango da ruwa da omo tukuna, sannan a bi da ruwan bilic, wato Hypo ko Jik, kofin shayi ɗaya a bokitin lita 20. Zuba bilic a kan laka asara ce. Kuma kada a haɗa shi da ruwan wankin banɗaki ko wani magani don wai ya fi ƙarfi, iskar da ke tashi daga haɗin tana ƙona ƙirji.

Maganar ruwan sha ta fi duk wannan. Ba a cika wata guda da ambaliyarmu ba, a farkon Oktoba, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Rijiyar da ruwa ya haura bakinta ta gurɓata ko da ta yi garau a ido. Sai an yashe ta, an sa mata kulorin, kuma gara ma'aikatan lafiya na unguwa su auna muku yawansa. Wajen yasar, injin jan ruwa mai fetur ya tsaya nesa da bakin rijiya in akwai mutum a ciki, domin hayaƙinsa cikin rijiyar yake sauka. Kafin nan duk ruwan sha, har wanda 'yan ga-ruwa suka kawo, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti guda, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta. Alam yana kwantar da datti ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa. In wani ya fara gudawa kamar ruwa, a haɗa masa lita ɗaya na tsabtataccen ruwa, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana kan hanyar asibiti. Ba a jiran safiya. Bayan mako biyu ko uku kuma sauro zai yi yawa saboda kududdufai, a ɗaura gidan sauro ko a tsakar gida ake kwana.

Zubar da kaya shi ne ke da ciwo. Hatsin da ruwan ambaliya ya shiga ya tafi. Na ga mata suna shanya masara da shinkafa a kan tabarma suna cewa ai rana za ta gyara, kuma wallahi ban ga laifinsu ba a wannan tsadar, amma masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da dafuwa ba ta kashewa, hanta take ci a hankali. Maganin asibiti da ya jiƙe ma a zubar. Katifar soso da ta sha ruwan masai ba ta wankuwa har ciki. Wanda ba shi da halin sabuwa ya cire rigarta, ya tattake soson da ruwan omo, ya bar shi kwanaki a rana a tsaye, kuma kada jariri ya kwanta a kai. Gado da sif na matsattsen garin katako, irin na yayi, in sun kumbura sun gama aiki. Na katako na gaske kuwa a wanke a shanya a inuwa, rana tana tsaga shi. Tufafi su fara shan wanki, domin fumfuna kwana ɗaya zuwa biyu take bukata ta kama.

Takardu kada a ɓamɓare su suna jiƙe. A shimfiɗa a inuwa inda iska ke bi, in sun sha iska a raba a hankali, a ɗauki hoton kowacce. Wadda ta lalace, irin takardar fili ko ta makaranta, hanyarta rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, sannan a nufi inda aka bayar da ita. A fara da wuri, tafiyar tana da tsawo. Alƙur'ani da littattafan addini da suka dagargaje kuma ba a haɗa su da shara, a tambayi limamin unguwa, ko a binne a wuri mai tsabta ko a ƙona.

Yanzu ga fannina. Bulo yana shan ruwa, kuma yana ɗaga shi sama fiye da inda layin ambaliya ya tsaya. Bangon da ya yi mako cikin ruwa ba ya bushewa a mako, watanni yake ɗauka. Wani dattijo ya kira ni a tsakiyar Oktoba, ya samu ɗan kuɗin gudummawa daga 'ya'yansa, ya ce, "Malam birkila, so nake kafin Juma'a ta sama a gama filasta a shafa fenti, na gaji da kallon layin nan." Na ce, "Baba, ka ba ni dare ɗaya." Na yanko leda fara kamar faɗin littafi, na manna ta a bango da salatif, na rufe gefunanta huɗu. Da safe muka ɓare, cikinta duk raɓa, bangon wurin ya yi duhu. Ya shafa da hannunsa, ya yi shiru, ya ce, "To Allah ya kai mu hunturu." Wannan gwajin kowa zai iya yi, kuma shi ne alƙali tsakaninka da duk magini ko mai fentin da ya ce maka ai ya bushe. Mu ma aiki muke nema, ba kowa ne zai ce ka jira ba.

Abin da za ka yi kafin nan: buɗe tagogi da ƙofofi kullum, janye kaya daga jikin bango, kunna fanka in wuta ta gyaru. Filastar da ta yi ƙoƙo, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa kamar ba komai a bayanta, a farfashe ta har sama da layin ruwa da kamar kamu biyu, a bar bulon a buɗe ya sha iska. Za ka ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a jikinsa. Gishirin da ruwa ya jawo ne, a goge da busasshen buroshi, kada a wanke, ruwa mayar da shi ciki yake yi. Muddin yana dawowa, bango bai gama ba. Fentin mai da tayil ɗin bango su ne mafi muni a wannan lokaci, suna kulle damshin a ciki, sai fenti ya kumbura ya ɓare, tayil ya saki. Waɗanda suka yi fenti a Oktoba a unguwarmu, da yawansu sun sake yi bayan azumi. Waɗanda suka jira Janairu sau ɗaya suka biya. In ido ya gaji, farar ƙasa ta isa, ita tana barin bango ya yi numfashi.

Kuɗin da ke hannu kuwa, ga inda nake ganin ya kamata ya fara zuwa: rijiya da masai, sai wayar wuta, sai bangon da ya tsage, sai abin kwanciya. Duk soket da makunnin da ya nutse a canza shi, kuma tunda an zo canzawa a ɗaga shi sama da layin ruwan. Ɗan haya ya zauna da mai gida gaban shaidu a rubuta wa zai gyara me, in kuma kai za ka kashe, a rubuta yadda za a cire daga kuɗin haya. Ka kai sunanka wajen bulama ko mai unguwa da wuri, domin jerin da hukumomin agajin gaggawa, SEMA ta jiha da NEMA ta tarayya, da ƙungiyoyi suke bi yawanci daga can yake tasowa. Amma kada ka ci bashi da sunan tallafin da bai shigo ba. Duk kuma wanda ya bugo waya ya ce ka karanto masa lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka don a sa maka kuɗin ambaliya, ɓarawo ne.

Akwai abin da maza ba ma son taɓawa. Gadon nan da kujeru da kwanukan da ruwa ya ci, a mafi yawan gidaje kayan ɗakin matar ne, iyayenta suka yi shekaru suna tarawa. In kana lissafin asara kana cewa siminti da bulo, ita nata lissafin daban ne. Ka faɗa da bakinka cewa ka san nata ne, ku tsara abin da za a fara mayarwa ko da ɗaya bayan ɗaya ne. Zaman gidan 'yan uwa shi ma yana da iyaka. Makon farko kowa jaje yake yi, wata na biyu fuska takan canza. Ka riƙa sa hannu a cefane komai ƙanƙantarsa, ka kuma faɗi lokacin da kake sa ran tashi. Yara kuma za ka ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma, wani da an yi hadari sai ya maƙale jikin uwarsa. Ba na duka ba ne. A mayar da su makaranta da islamiyya da zarar an buɗe. Babban da ya yi makonni ba ya barci, ko ya daina magana da mutane, a kai shi ya ga likita, addu'a na tafiya magani na tafiya.

Dattawanmu sun ga irin wannan a 1994, daga wannan madatsar, shekara 30 kafin tamu, kuma da yawa daga cikinmu mun yi gini kamar ba a taɓa yi ba. Ambaliyar Mokwa ta jihar Neja kuma a ƙarshen Mayu 2025 kafin gari ya waye ta zo, damina ma ba ta yi nisa ba. Don haka shirin baɗi da rani ake yinsa. In za ka sake gini, a ɗaga fandisho, a shimfiɗa leda kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓe, mai ginin ƙasa ya yi ƙoƙari ko layi uku na ƙasa su zama bulon siminti. A yi dakali a bakin ƙofa, a yi kanta a sama don hatsi. Ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwata kafin ruwan farko, ku saurari hasashen da hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suke fitarwa kafin damina. Takardu su zauna cikin leda biyu a jaka guda, a rataye inda kowa ya sani. Ku kuma yanke tun yanzu gidan wa za a haɗu in an rabu da dare, kowane yaro da ya yi wayo ya haddace lambar waya ɗaya ta babba.