Kada ka kankare tsohuwar bindiga don ta yi ƙyalli

Idan tsohuwar bindigar soja ta shigo hannunka, irin su Lee-Enfield ko Mauser 98, fara tabbatar da babu harsashi a ciki. Daga nan sai haƙuri. Kada ka kusance ta da samfefa, domin duhun nan na jikin ƙarfen, da tambarin masana'anta da lambobin da aka buga mata, su ne darajarta. Jan tsatsa kaɗai za ka bi: ɗiga mai, bar shi ya kwana, sannan ka shafa a hankali da soson ƙarfe mai lamba 0000, wato mafi laushi. Katakon kuwa, ɗan man linsid, wato man tsiro da kafintoci ke shafa wa katako, ya ishe shi, ban da fenti. Ni ko kusar da ta lanƙwashe ba na yarwa, tare da bindigar nake adana ta.