Kafin ka taya mota a gwanjon Kwastam

Duk wanda ya ce maka shi jami'in Kwastam ne, yana da Corolla ko Hilux ta gwanjo a rabin kuɗi, ka tura kafin alƙalami a asusunsa ya ajiye maka, to ɓarawo ne. Irinsu sun cika Facebook da WhatsApp, har da hoton kaki, kuma abin yana ci mini rai, domin galibi masu ƙaramin ƙarfi suke cuta. Hukumar ba ta karɓar kuɗin gwanjo ta asusun mutum. Tun watan Yulin 2017, zamanin shugabanta na wancan lokaci, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta mayar da gwanjonta kan intanet, aka kuma sabunta shafin a farkon 2024 ƙarƙashin magajinsa, Bashir Adewale Adeniyi. Ta shafin hukumar kaɗai za ka bi.

Rajista ba ta da wuya. Kana buƙatar lambar biyan haraji ta TIN da imel mai aiki, sai kuɗin shiga Naira 1,000 da ba a mayarwa ko ka ci ko ba ka ci ba.

Inda aikin yake shi ne kafin ranar tayi. Ni sana'ata sayar da motoci ce, kuma ba na taya abin da ban gani da idona ba. Hoto ba ya nuna cewa mota ta shekara a rana da ruwan sama, tayoyi sun tsage, ɓera ya cinye wayoyi, ko an zare batir da ƙwaƙwalwar motar. Gwamnati kuwa yadda kaya yake haka take sayar da shi, babu canji, babu mayarwa. Duba inda aka rubuta motar take, ka je da bakanikenka da mai gyaran wayoyin mota. In Legas ce ko Fatakwal kuma ba za ka iya zuwa ba, aika amintacce. In babu, haƙura da ita, wata na tafe.

Daga nan sai lissafi, a takarda, ba da ka ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin 100. In kayan na cikin waɗanda suka wuce wa'adi a tashar jiragen ruwa ne, sharuɗɗan gwanjon sun ɗora kashi 25 na kamfanin jirgi da wani kashi 25 na masu kula da tashar. Ka ga motar da ka ci a miliyan 4 ta tashi kusan miliyan 6 da dubu 300, tun ba a zo maganar janwe, tirelar da za ta hauro da ita arewa, gyara da lamba ba. Tambayi farashin irinta a kasuwa, cire duk waɗannan, cire ribarka. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka.

Ranar gwanjo kada ka wuce wannan iyaka ko da Naira ɗaya. Mintocin ƙarshe ne zuciya ke ɗibar mutane, kowa na son ya ce shi ya ci, har su sayi mota sama da kuɗinta a kasuwa.

Kuɗinka su kasance a hannu tun kafin ka shiga. Kwanakin da ake bayarwa na biya da na kwashe kaya kaɗan ne, wanda ya makara kuma kayan na iya kuɓuce masa, don haka karanta sharuɗɗan kowane zagaye daga farko har ƙarshe. In ka je ɗauka, gwada lambar jikin motar da wadda ke kan takardar da aka ba ka, harafi bayan harafi. Adana takardar cin gwanjo, rasidin banki da takardar fita, ka yi musu kwafi. Su za ka nuna a shingayen hanya, su kuma za a nema ranar yin lamba.