Yadda ake nutso a ruwan sanyin Lofoten

Masu tambaya sun yi yawa, to ga matakan. A tsibiran Lofoten na Norwe, yawancin shekara ruwan bai kai digiri 10 ba.

1. Sa kayan ɗumi a ciki. Banda auduga, tana riƙe gumi.
2. Sa rigar da ruwa ba ya ratsawa.
3. Abokin nutsonka ya ja maka zif har ƙarshe.
4. Haɗa tiyon da ke kawo iska daga tankinka da bawul ɗin da ke ƙirjin rigar.
5. Tsuguna, ka fitar da iskar da ta maƙale a cikin rigar.
6. Hattara! Kada ka shaƙi na'urar numfashi a waje cikin sanyi. Danshin bakinka kan daskare a ciki, iska ta yi ta kwarara ba tsayawa.
7. Kana sauka, riga ta fara matse ka, ƙara mata iska kaɗan-kaɗan ta bawul ɗin ƙirji.
8. Wajen hawowa, ɗaga kafaɗar hagu, inda bawul ɗin fitar da iska yake, iska ta fita daga rigar.
9. Kafin ka fito saman ruwa, tsaya minti 3 a zurfin mita 5.